Mai ɗaukar giya da mai shan ta

Ya 'yan'uwa Musulmi na Dogarawa, Malbaza da Konni, ku sani duk wanda ya ƙetara iyaka zuwa Illela ta jihar Sakkwato ya shiga inda ake hukunci da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. A mazhabarmu ta Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne, yana tabbata da iƙirarin mai shi, ko shaidar adalai biyu da suka ga ya sha ko suka ji warinta a bakinsa. Amma wanda aka kama da kwalabe cikin kayansa kawai, babu haddi a kansa, sai ta'aziri gwargwadon yadda alƙali ya gani.

Kada wannan sauƙi ya ruɗi direbobinmu da 'yan kabu-kabu masu cewa, "Ni dako aka ba ni." Tirmizi ya ruwaito cewa an la'anci mutum goma game da giya, mai ɗaukar ta yana cikinsu, haka wanda ya ci kuɗinta. Nan Nijar ƙila jandarma ya bar ka ka wuce da kwalin. To, da kuɗin wannan dako za ka auno wa iyalinka hatsi?