Hukuncin Sayar da Kuɗin Kirifto ta Asusun Waya: Amsa ga Wani Ɗan Canji a Garwa

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni ɗan canji ne a babbar kasuwar Garwa. Canjin naira da sefa muka gada, muna hulɗa da fataken da ke zuwa Yola da Mubi da Kano. Shekara biyu ke nan na ƙara da sayar da kuɗin kirifto na USDT ta waya, saboda masu sayo kaya daga Sin da Dubai shi suke nema. Watan jiya wani ya sayi USDT 500 a wajena, sefa 300,000 suka shigo asusuna na waya, na sakar masa. Na lura sunan da ya turo kuɗin na mace ne, na tambaye shi, ya ce matarsa ce. Bayan kwana uku aka rufe asusun, jandarmomi suka kira ni. Ashe wata baiwar Allah ce daga Marwa ya yaudara da tallar atamfofi a WhatsApp, ya ba ta lambata a matsayin tasa. Shi ya ɓace. Malam, wannan sana'a halal ce? Kuɗin nan nawa ne ko nata? Sannan akwai wani a Turai da yake so ya riƙa biyana dala 115 ta PayPal a kan kowane USDT 100, shin in karɓa?

Amsa

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana, ya kuma saka maka da ka nemi sanin hukunci tun kafin ka shiga jayayya da matar nan.

Malaman zamani ba su haɗu a kan magana ɗaya game da kuɗin kirifto ba. Hukumar addini ta Turkiyya ta hana mu'amala da shi a ƙarshen 2017, gidan fatawa na Masar ya bi sahu a zamanin mufti Shauƙi Allam. Majalisar Malaman Indunusiya, a Nuwamba 2021, ta haramta ɗaukarsa a matsayin kuɗi, amma ta bar ƙofa ga wanda yake da wata dukiya sananniya da ke tsaye a bayansa. Majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta Maleshiya kuwa ta halatta cinikinsa a kasuwannin da ke da rajista tun 2020. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kansa a Dubai a 2019, ta tashi ba ta yanke hukunci ba, ta nemi a ƙara bincike. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a bambanta. Sulallan da ake ƙirƙira yau su mutu gobe, waɗanda ba a sayensu sai don fatan wani ya zo ya saya da tsada, caca ce da sabon suna. Haka nan masu karɓar kuɗin mutane da alkawarin ninkawa duk wata, kuma mutanen Kamaru ba sa bukatar a ba su labarin irin wannan damfara ta Liyeplimal. USDT dabam yake: kamfanin Tether ne ke fitar da shi a kan cewa kowane ɗaya yana daidai da dalar Amurka ɗaya, 'yan kasuwa kuma biyan kaya suke yi da shi. Ina ganin halaccin canjinsa, amma da sharuɗɗan canjin kuɗi, domin mutane sun mayar da shi kuɗi a tsakaninsu.

Ba sabon abu na ƙago ba. A cikin Mudawwana an ruwaito ra'ayin Imamu Malik cewa ko da fatu mutane suka mayar kuɗi suna ciniki da su, ba zai so a canja su da zinariya ko azurfa da jinkiri ba. Ke nan abin lura shi ne aikin da abu yake yi a hannun jama'a, ba abin da aka yi shi da shi ba. A kan wannan hanya Majalisar Fiƙihu ta ba takardun kuɗi hukuncin zinariya da azurfa a zamanta na Amman a 1986.

To, sharaɗin canji ka san shi tun kana yaro a gaban teburin mahaifinka: hannu da hannu. Idan jinsin kuɗin ya bambanta, kamar USDT da sefa, a yi farashi yadda aka daidaita, amma kowa ya karɓi nasa kafin a rabu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Malik ɗan Ausu, wanda ya nemi canjin dinare ɗari. Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya yi ciniki da shi, ya karɓi zinariyar yana juya ta a hannu, ya nemi a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Sayyidina Umar yana jin su, sai ya rantse ba za su rabu ba sai Malik ɗan Ausu ya karɓi nasa. Ka duba fa, Ɗalha ne, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ba rashin amana aka ji tsoro ba, hukuncin ne haka. Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowa tsanani a nan, ko gajeren jinkiri ba ta yarda da shi. Don haka abin da ya yawaita tsakaninku, wato mutum ya ce a tura masa USDT yau zai biya ranar Juma'a idan kaya sun fita, riba ce ta jinkiri, haramun ce, ko da abokinka ne na shekara ashirin kuma ba ka ƙara masa ko sisi ba. In kana son taimakonsa, ranta masa USDT ya mayar maka da USDT daidai adadinsa.

Yanzu sai mu tambaya, mene ne hannu a cinikin da ba a ga juna ba? Majalisar Fiƙihu ta amsa a zamanta na Jidda a 1990: shigar kuɗi asusun mutum yana tsayawa a matsayin karɓa, muddin ya sami ikon sarrafa su. A nan ne hatsarin sana'arka yake kwance, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Abin da kake bayarwa ba ya dawowa. Da zarar ka danna sakin USDT, ya tafi ke nan; babu ofishin da za ka je a Garwa ko a Yawunde a juyo maka da shi. Abin da kake karɓa kuwa yana hannun wani kamfani, wanda zai iya riƙe shi ko mayar da shi idan aka kai ƙara. Kai ka ba da tabbas, ka karɓi abin da ke da igiya a ƙafa, kuma bakin igiyar ba a hannunka yake ba. Duk damfarar da ake yi wa masu sayar da kirifto daga wannan rata take shiga. Wani ya turo saƙon shigar kuɗi na bogi ko hoton rasit da aka gyara. Wani ya biya da gaske, sannan ya kira kamfani ya ce kuskuren lamba ya yi. Wani kuma ya sa mutum na uku ya biya, kamar yadda aka yi maka. Saƙo ba karɓa ba ne, hoto ba karɓa ba ne. Karɓa ita ce ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, za ka iya zuwa rumfar cire kuɗi ka karɓe su a take. Idan an cika wannan, biya ta Orange Money ko MoMo ya inganta a matsayin hannu da hannu. 'Yan mintunan da kasuwa irin Binance take riƙe USDT a matsayin amana kafin ka saki ba sa ɓata canjin, tunda ku biyun kuna kan cinikin ba ku watse ba.

Batun mutumin Turai ba ya bukatar dogon bincike: kada ka karɓa. PayPal yana ba mai biya kwana 180 ya kai ƙara a kan abin da ya biya, kuma idan da katin sata aka biya, bankin mai katin zai janye kuɗin. Kuɗin da za a iya zare su bayan wata biyar ba a kira su karɓaɓɓu a babin canji ba. Na biyu, USDT wakilin dala ne, don haka ba da 100 a karɓi dala 115 ya yi kama ƙwarai da canjin jinsi ɗaya da fifiko, wanda shi ma riba ce ta haram. Sannan ka tambayi kanka, me zai sa mutumin da yake iya sayen USDT a farashinsa a ƙasarsa ya tsallako har bakin Binuwai ya ƙara maka goma sha biyar? Ruwa ba ya tsami banza. Na kuma san cewa da yawa daga masu karɓar kuɗi ta wannan hanya a ƙasashenmu da adireshin wata ƙasa suke buɗe asusun, wannan kuwa ƙarya ce aka kafa sana'a a kanta.

Mu koma kan sefa 300,000, wanda na san shi ne ya hana ka barci. Hukuncin da nake ba ka shi ne kuɗin na matar ne, ka mayar mata. Dalili kuwa, ita ba ta sayi komai a wajenka ba, ba ta kuma yi maka kyauta ba. Ta fitar da kuɗinta a kan atamfofin da babu su, cinikinta da macucin ɓatacce ne tun daga tushe, don haka bai taɓa mallakar kuɗin ba, wanda bai mallaka ba kuwa ba ya biyan bashinsa da abin. Shari'a ba ta halatta dukiyar Musulmi sai da yardar ransa, yardarta kuma an gina ta a kan yaudara. Wani malami zai iya cewa kuɗi ba a ayyana su, tunda ka karɓa ba da sanin zamba ba, to ta bi wanda ya cuce ta. Maganar tana da gurbi da a ce kuɗin sun shiga hannunsa sun cakuɗa da nasa, sannan ya biya ka. A nan kuwa daga lambarta suka fito kai tsaye zuwa taka, ga rana ga adadi, babu ruɗani a kan ko na wane ne. Ga kuma abin da kai da kanka ka faɗa: ka ga sunan ya saɓa, zuciyarka ta yi maka magana har ka tambaya, sannan ka gamsu da kalma ɗaya daga bakin wanda ba ka sani ba. Ƙa'idar kasuwar intanet ɗin da kuke ciniki a kanta ma ta hana karɓar biya daga wani suna dabam. Wannan sakaci ne, asarar sakaci kuwa a kan mai shi take faɗawa, ba a kan matar da ba ta san da zamanka ba. Haƙƙinka bai faɗi ba: kana bin macucin farashin USDT 500, bashi ne a wuyansa duniya da lahira. Ka kai wa jandarmomi duk bayanan cinikin, ka kuma kai ƙara ga kasuwar intanet ɗin da kuka haɗu a kanta, tunda ba a buɗe asusu a can sai da katin shaida. Kamaru tana da dokar laifuffukan intanet tun Disamba 2010, neman haƙƙi ta wannan hanya halal ne. Idan matar, bayan ta san kuɗin nata ne duka, ta yafe maka wani abu don ganin kai ma an cuce ka, ya halatta ka karɓa. Amma kada a riƙe mata kuɗi don a tilasta mata sulhu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa maka. A yankin nan namu, daga Tuboro a Mayo-Rey har kan iyakar Najeriya, makiyaya da manoma sun sha sayar da shanunsu don biyan kuɗin fansa. Masu garkuwa da 'yan damfara suna neman inda za su wanke abin da suka tara, kuma ɗan canjin da ba ya tambaya shi ne ƙofar da ta fi musu sauƙi. Wanda ya zo da kuɗi masu yawa daga lambobi barkatai, yana gaggawa, bai damu da farashi ba, ka rabu da shi. Idan zatonka ya rinjaya cewa kuɗin haram ne, ciniki da shi taimako ne a kan zunubi, kuma Alƙur'ani ya hana wannan a farkon Suratul Ma'ida.

Game da hukuma, ka sani bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mayar da Bitcoin kuɗin ƙasa a Afrilun 2022, hukumar COBAC mai kula da bankunan ƙasashen sefa na tsakiyar Afirka ta fitar da umarni a watan Mayu na shekarar, ta hana bankuna da ƙananan cibiyoyin kuɗi da kamfanonin biya shiga harkar kirifto. Umarnin a kansu yake, amma inuwarsa tana kanka, domin asusun da kake karɓar kuɗi da shi a ƙarƙashinsu yake, suna iya rufe shi. Kada ka tara jarinka a ciki, balle amanar mutane. Idan an tambaye ka dalilin kuɗi, kada ka yi ƙarya. Duk ranar da hukuma ta hana ɗaiɗaikun mutane wannan ciniki a fili don kare dukiyar jama'a, bin ta wajibi ne.

Saboda haka, ɗana, ka ci gaba da canjin USDT da wanda ka sani ko ka tabbatar da shi, ya biya daga asusun da ke ɗauke da sunansa, ka ga kuɗin da idonka kafin ka saki, ba bashi ba jinkiri. In da hali ma ya zo teburinka ya ƙirga maka tsaba, shi ya fi kuɓuta. Ka bar mutumin PayPal. Ka nemi matar nan ta hannun jandarmomin da suka kira ka, ka shaida musu a rubuce cewa ka yarda a sakar mata sefa 300,000 ɗinta. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Allah ne mafi sani.