Da Na Gaba Ake Ganin Zurfin Ruwa: Sidney Poitier da Masu Bin Sawunsa

Fatake da manoma sun fi kowa sanin inda wannan magana ta samo tushe. Idan damina ta yi nisa, rafi ya kawo, babu gada babu kwale-kwale, ayari yakan ja ya tsaya a gaɓa har sai wani ya naɗe wando, ya ɗora kayansa a ka, ya tsunduma. Sauran sai su zuba masa ido. Ruwan ya kai masa gwiwa ne, ko ƙugu, ko ƙirji? Ina santsi ya kwashe shi, ina ya kauce wa gurbi? Da abin da suka gani a jikinsa suke auna tasu tafiyar.

Duk wanda ya ɗauki wani tsohon tauraron fim a matsayin abin koyi, a wannan gaɓar yake tsaye. Masoya da yawa kan tsaya ga aski da taku da salon magana, domin su ne masu sauƙin kwaikwayo. Hikimar Hausawa kuwa tana tura ido ga wuraren da ruwa ya kai wa gwanin wuya, da abin da ya yi a lokacin. Rayuwar Sidney Poitier cike take da irin waɗannan wurare.

An haife shi bakwaini a birnin Miyami na Amurka ranar 20 ga Fabrairu 1927, lokacin da iyayensa, manoman tumatir daga tsibirin Cat na ƙasar Bahamas, suka ƙetaro sayar da amfanin gonarsu. Ya tashi a ƙauyen da babu lantarki, bokonsa bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 16 ya faɗa birnin Niyok, inda ya kama aikin wanke-wanke a gidajen abinci. Wata rana ya ga talla a jarida cewa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta American Negro Theatre tana neman 'yan wasa, sai ya je gwaji. Aka miƙa masa takarda, ya riƙa in'ina yana jan kalmomi da karin harshen mutanen tsibiri. Frederick O'Neal, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya raka shi bakin ƙofa, ya ba shi shawarar ya je ya nemi aikin wanke kwanuka.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi na farko. Wani dattijo Bayahude, mai kai wa baƙi abinci a inda yake aiki, ya riƙa zama da shi bayan an tashi, suna bin jarida layi-layi, yana nuna masa yadda ake furta kalma da inda ake tsayawa. Shi kuma ya sayi rediyo, ya shafe watanni yana maimaita abin da masu karanta labarai ke faɗa. Da ya koma ƙungiyar, ya yarda ya riƙa share ɗakin wasa a madadin kuɗin koyo. Muryar nan mai natsuwa da duniya ta sani daga baya, a tsakanin tulin kwanuka da tsintsiya aka ƙera ta.

Darasi na biyu ya fi zurfi. A tsakiyar shekarun 1950, bayan ya fito a finafinan No Way Out da Cry, the Beloved Country, aiki ya yi masa wuya, aljihu ya bushe, matarsa kuma tana da juna biyu. Sai aka yi masa tayin fitowa a fim ɗin The Phenix City Story a matsayin wani mai shara da 'yan daba suka kashe masa 'ya, bai iya taɓuka komai ba. Poitier ya ce a kai kasuwa. Ya sha bayyana cewa ba sana'ar shara ya raina ba. Ya tuna da mahaifinsa ne, talaka wanda bai taɓa yarda a taka mutuncin gidansa ba, ya ga ba zai iya fitowa a matsayin uban da zai naɗe hannu ba. Kuɗin asibitin haihuwa sai da ya ci bashi, ya ba da kayan ɗaki jingina. Martin Baum, dillalin 'yan wasa da ya kawo masa tayin, ya yi ta mamakin wannan taurin kai har ya ɗauke shi, suka yi aiki tare shekaru aru-aru.

Shi ma da nasa na gaban. Ya san labarin 'yar wasa Hattie McDaniel, wadda ta ci kyautar Oscar a 1940 amma aka ware mata teburi a gefen zaure saboda launin fatarta. Ya ga yadda gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfon mawaƙi kuma ɗan wasa Paul Robeson a 1950. Ya ga abokin aikinsa Canada Lee, wanda suka je Afirka ta Kudu tare a zamanin wariyar launin fata, an toshe masa hanyar aiki saboda ra'ayinsa na siyasa har ya rasu a 1952. Daga waɗannan ya koyi inda ake taka-tsantsan da inda ake kafewa.

A watan Afrilun 1964 ya zama baƙar fata na farko da ya ci Oscar ta gwarzon ɗan wasa, da fim ɗin Lilies of the Field. Bayan 'yan watanni, shi da mawaƙi Harry Belafonte suka ɗauki dala 70,000 a jaka suka kai garin Greenwood na jihar Misisifi da dare, don tallafa wa masu yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe, a jihar da aka kashe 'yan gwagwarmaya uku a bazarar wannan shekarar. A 1967 finafinansa uku suka mamaye gidajen silima. A ɗaya daga ciki, In the Heat of the Night, wani attajiri farar fata ya sharara masa mari, shi kuma nan take ya rama. Masu kallo a Amurka ba su saba ganin haka a majigi ba.

Sai dai karin maganar tana da wani gefe da masu gaggawa ke mantawa: tsayin mutane ba ɗaya ba ne, kuma rafi yakan sauya. Ruwan da ya tsaya wa dogo a ƙirji yana iya shanye gajere. A ƙarshen shekarun 1960 wasu 'yan'uwansa baƙaƙe suka riƙa sukar Poitier cewa kullum mutumin kirki marar aibi yake fitowa, irin wanda ke sanyaya zukatan turawa. Sukar ta yi masa ciwo, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Amma shi kaɗai ne a wannan matsayi a lokacin, yana jin duk kuskurensa a kan al'umma guda za a rubuta shi. Wanda ya zo bayansa ba dole ne ya ɗauki wannan kaya iri ɗaya ba.

Ɗan wasa Denzel Washington ya fahimci haka. A farkon tashensa an yi masa tayin kuɗi masu tsoka a wani fim da ya ga akwai wulaƙanci a ciki, sai ya nemi shawarar Poitier. Dattijon bai ce masa yi ko bari ba. Ya dai gaya masa cewa finafinan farko da mutum ya zaɓa su ne ke yanke yadda masana'antar za ta riƙa kallonsa. Washington ya ƙi tayin, ba da jimawa ba ya samu fitowa a matsayin ɗan gwagwarmaya Steve Biko a fim ɗin Cry Freedom na 1987. Daga baya ya yi abin da da wuya Poitier ya yi a zamaninsa: ya fito a matsayin gurɓataccen ɗan sanda a Training Day, kuma da wannan fim ɗin ya ci Oscar ta gwarzon ɗan wasa a watan Maris na 2002, baƙar fata na biyu bayan shekara 38. A daren ne Halle Berry ta ci ta mata, aka kuma karrama Poitier da kyautar girmamawa, yana zaune a zauren yana ganin an kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.