Malamin da Ke Karantarwa da Waƙa: Shin Ya Kauce wa Tafarkin Magabata?

  

Ya ku 'yan uwa Musulmi, akwai wata jayayya da takan taso a makarantunmu na allo da na Islamiyya, tun daga nan Tunuga har Gaya, har tsallaken iyaka a Kamba da Malanbil. Sai a sami wani ƙaramin malami ya ɗauki farillan alwala, ko siffofin Allah, ko tarihin Manzo (S.A.W.), ya tsara su a baitoci da Hausa ko da harshen Dendi, ya koya wa yara. Kafin a jima sai ka ji yaran suna rera su a hanyar gona da bakin kogi. Daga nan sai babban malami ko wasu iyaye su tashi, su ce makaranta ba dandali ba ce, an san ta da allo da tawada da bulala, kuma wannan yaro ya zo ya zubar mata da kwarjini. Wani a ja masa kunne, wani a sallame shi gaba ɗaya. Alhali kuwa a cikin wannan makarantar za ka tarar da ɗalibin da ya shekara shida yana wanke allo, ka tambaye shi abin da ke warware alwala, ya sunkuyar da kai. Wannan yaron shi ne za a tambaye mu a kansa gobe Kiyama, saboda haka ya kamata a duba maganar da ilimi.

Masu hanawa suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Suna kawo ayoyin ƙarshen Suratush Shu'ara'i inda Allah Maɗaukakin Sarki Ya zargi mawaƙa, suna kawo hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga mutumin da ya cika cikinsa da waƙa. Amma wanda ya karanta surar har ƙarshenta zai ga cewa Allah Ya togace muminai masu aiki nagari, masu yawan ambatonSa. Shi kuma hadisin, Imamul Buhari ya sanya shi ne a babin da ke magana a kan wanda waƙa ta rinjaye shi har ta shagaltar da shi daga ambaton Allah da ilimi da Alƙur'ani. To, ina wannan ya haɗu da malamin da ya ɗauki waƙa don ya kai yaro ga ilimin kansa?

Ku tuna da Hassanu ɗan Sabitu (R.A.), mawaƙin Manzon Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa wucewa ya same shi yana waƙa a cikin masallacin Madina, ya nuna rashin jin daɗinsa. Hassanu ya amsa masa da cewa ya kasance yana yin ta a nan tun wanda ya fi Umar yana cikin masallacin, sa'an nan ya nemi Abu Huraira ya shaida cewa Annabi ya yi masa addu'ar samun taimakon Mala'ika Jibrilu, Abu Huraira kuwa ya shaida. Umar bai ƙara cewa komai ba, duk da tsananin da muka san shi da shi.

Abin mamaki ma shi ne, zauren da ake kira mai tsanani bai taɓa rabuwa da waƙa ba. Wane ne a cikin malamanmu bai haddace Ƙurɗabi ba, ko littafin Ibnu Ashir? Dukansu baitoci ne. Alfiyyar Ibnu Malik, wadda ake gwada zurfin malami da ita a nahawu, baitoci ne wajen dubu. Ishiriniya kuwa kowa ya san yadda ake raba dare da ita. Magabata sun gane tun da daɗewa cewa magana mai ma'auni da amsa-amo tana zama a ƙirji, ita kuwa maganar zube takan zube. Ashe ke nan abin da ake ƙi ga ƙaramin malamin nan shi ne harshen da ya yi waƙar da shi, wato harshen da yaro ke ji a ɗakin uwarsa. A nan ne ya wajaba mu koma ga tarihin ƙasarmu, domin an riga an yi wannan shari'a shekara ɗari biyu da suka wuce.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774. Ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai, amma makiyaya da manoma da matan gida ya yi musu waƙoƙi da Fulatanci, ya kuma bar mata su halarci majalisinsa. Lokacin da ya fita yawon wa'azi wajen ƙasar Zamfara, cikin shekarun 1786 zuwa 1787, wani malami mutumin Barno mai suna Mustafa Gwani ya tarye shi da baitoci yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azi. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da kaɗan ba, ya mayar da amsa. Malam Abdullahi ya amsa da baitoci shi ma, ya kuma ajiye labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Gundarin amsar shi ne, ba sa cakuɗa maza da mata, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi abin da ake tsoro muni. Ku lura, Allah Ya yi muku rahama, mai suka da mai amsa duk da waƙa suka yi magana. Wannan Abdullahin kuwa shi ne na Gwandu, wadda ba ta da nisa da mu, kuma can ya rasu a 1829.

Wadda ta kai wannan hanya matuƙa ita ce 'yar Shehu, Nana Asma'u, Allah Ya ƙara mata yarda. An haife ta a Degel a 1793, tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin yaƙi da yunwa da ƙaura. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Da ta so, da ta zauna a cikin gida tana musayar wasiƙu da manyan malamai, ba wanda zai zarge ta. Amma ta duba ƙauyuka ta ga dubban mata, da yawansu an kawo su bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, suna amsa sunan Musulmi alhali abin da suka sani na neman lafiya da kariya shi ne bori. Waɗannan mata ba za su zo zaure ba, ba za su karanta Risala ba, kuma bulala ba ta isa inda suke.

Sai ta zaɓi dattijan mata amintattu daga garuruwa, ta naɗa kowace ta zama jaji, wato jagorar ayari. Takan ba jaji malfa da jan rawani, irin alamar da aka san Inna ta Gobir da ita, shugabar 'yan bori. Abin da mata suka saba girmamawa ta ɗauka ta ɗora a kan ilimi. Jajis sukan taso da 'yan mata da tsofaffi, tun da matan aure suna ɗakunansu, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa wurinta. Su ne ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Abin da suke komawa da shi gida waƙoƙi ne da suka haddace, su je su rera wa matan da ba su samu zuwa ba, a bakin turmi da wurin kaɗi.

Me ke cikin waƙoƙin? Akwai wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani ɗari da goma sha huɗu a cikin gajerun baitoci, don mace ta san tsarin Littafin kafin ta iya buɗe shi. Akwai Goɗaben Gaskiya, mai bayanin abin da ke kai mutum Aljanna da abin da ke kai shi wuta. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci matan Annabi da salihan mata har zuwa na zamaninta, don 'yar ƙauye ta san cewa tana da magabata. Ita ce ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke tsoratar da masu mulki daga zalunci, wadda ɗan'uwanta Isa ya yi wa tahamisi. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen sittin, an kuma tattara su an buga a 1997. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin mai koyar da talakawa a wurinta. Ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. To, wane ne a cikinmu zai tashi ya ce 'yar Shehu ta zubar wa ilimi da kwarjini?

Game da tsanani kuwa, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi magana. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, ya iyakance dukan yaro ga bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin mahaifi. Ku gwada wannan da abin da ake yi a wasu zaurukanmu. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanantawa tana kashe zuciyar ɗalibi, ta koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira da fatarsa. Shi ne kuma ya kawo ra'ayin Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, mai Ahkamul Ƙur'an, cewa a fara wa yaro da harshe da waƙa da lissafi, don idan ya zo ga Littafin Allah ya fahimci abin da yake karantawa. Ibnu Haldun ya yaba ra'ayin, amma ya ce al'ada ta gabatar da Alƙur'ani don neman albarka, da kuma tsoron kada yaro ya girma ya bar makaranta bai samu komai daga gare shi ba. Wannan tsoro gaskiya ne a wurinmu, inda yaro kan bar allo da zarar ya isa riƙe garma ko tuƙa kwalekwale. Saboda haka ba mu ce a jinkirta Alƙur'ani ba. Muna cewa a bar waƙar ilimi ta tafi tare da shi.

Kai kuma ƙaramin malami, kada ka ɗauka wannan magana ta sake maka linzami. Nana ba ta tsara baiti ba sai bayan ta sha karatu a gaban malamai, kuma kuskuren da ya shiga waƙa ya fi wuyar fita daga kan yaro bisa wanda ya shiga magana. Kafin ka koya wa yara baitocinka, kai su gaban babban malaminka cikin ladabi, ya auna su da Ahalari da Iziyya. Kada ka ɗora su a kan karin mawaƙan banza, kada kuma ka kusanci ayar Allah da karin waƙa, domin ita tana da tajwidinta. Lokacin allo na allo ne. Ka nemi a ba ka ɗan lokaci bayan an tashi daga karatun la'asar, ko safiyar Laraba kafin a shiga hutu.

Ku kuma iyayenmu malamai da shugabannin makarantu, idan aka kawo muku ƙarar irin wannan malami, kafin ku yanke hukunci ku kira yaransa guda biyar da yaran wani aji guda biyar, ku tambaye su farillan salla da abin da ke wajabta wanka, ku saurari amsa. Ku aika kuma a tambayi iyayensu mata abin da suka ji daga bakin 'ya'yansu a tsakar gida.

Allah Ya jiƙan Shehu da zuriyarsa da malamanmu baki ɗaya.