Mai situdiyo, wa ka mayar daga ƙofarka?



Shekaranjiya bayan sallar Isha'i wani matashi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso. Yana da ɗan situdiyo na ɗaukar murya, ɗaki guda ne da kwamfuta da makirufo da janareto. Ya ce, "Malam, akwai mutanen da ba na son yi wa aiki. In na ce musu a'a, na yi laifi?" Na ce su wa ke nan? Ya lissafo uku. Akwai wani mai rigima, baiti ɗaya sai an sake ɗauka sau goma, in an zo biya kuma a dasa sabon ciniki. Akwai yaron wani ɗan siyasa da ya kawo waƙa cike da zambo ga abokin hamayya, har da ambaton iyaye. Na ukun ɗalibin Islamiyya ne, ƙasidar walimar saukarsu zai ɗauka, murya ba daɗi, kuɗi ba yawa.

Na ce to, cikin ukun wa ka riga ka mayar? Sai ya sunkuyar da kai. Ɗalibin ne. Ya ce masa wai na'ura ta lalace.

Ba hukuncin kiɗa nake son tattaunawa yau ba, wannan zama ne na daban, kada a cika mini shafi da shi. Magana ce ta mai sana'a da wanda ya zo ƙofarsa.

A fiƙihu, wannan ciniki ijara ce. Mai situdiyo kuwa yana cikin waɗanda malamai ke kira ajir mushtarak, wato wanda ya buɗe ƙofa yana yi wa kowa aiki a biya shi, kamar tela da mai wanki. Kafin a ƙulla magana yana da zaɓi, ya karɓa ko ya ƙi, domin ciniki sai da yardar ɓangare biyu. Saboda haka mai rigimar nan, babu laifi ka ce masa, "Yallaɓai, yi haƙuri, aikinmu ba ya tafiya daidai." Kai ka san kuɗin man da janareto ya sha a kansa. Amma fa kafin ka karɓi kafin alƙalami. Da zarar an ƙulla, ijara ta lizimce ka. Abin da wasu ke yi, su karɓi kuɗi sannan su daina ɗaga waya har mutum ya gaji ya haƙura, wannan ba korar mai wahala ba ce, cin dukiyar mutane ne.

Na biyun kuma ba ma zaɓi ba ne. Matashin ya ce, "Ai Malam ni ba ni na rubuta ba, murya kawai na ɗauka." Na ce wa ya gyara ta? Wa ya sa mata amo har yara za su haddace ta a lungu? Malamai sun daɗe da hana sayar da inabi ga wanda ka tabbatar giya zai matsa, alhali inabin halal ne. Kai kuwa ba zato kake ba, da kunnenka ka ji baitin. Zagin da aka yi a majalisa yakan mutu a majalisar. Wanda ya bi ta hannunka kuwa zai shiga WhatsApp da TikTok, zaɓe ya wuce, 'yan siyasar su shirya su ci tuwo tare, waƙar tana nan tana yawo, 'ya'yan wanda aka zaga suna ji.

Ka ga ke nan an yi juyin waina. Wanda ya kamata a mayar an ce ya dawo gobe saboda ya zo da kuɗi mai kauri, wanda bai yi komai ba sai talauci da shaƙaƙƙiyar murya shi aka rufe wa ƙofa. Na tuna masa dalilin saukar farkon Suratu Abasa: Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, ya zo neman ilimi a daidai lokacin da Manzon Allah (SAW) ke magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin shiriyarsu. A can niyyar ma shiriya ce, amma duk da haka aka yi tunatarwa. To ina ga wanda niyyarsa cikon kuɗi ne?

Ban ce wajibi ne ka yi wa ɗalibin aiki ba. Kana da haya, kana da iyali. Abin da ya fi damuna shi ne "na'ura ta lalace". Ƙarya ce, kuma irin wadda muka raina: tela ya ce ba wuta, makanike ya ce ba kaya. Yaron zai dawo jibi ya biya kuɗin mota ya tambaya ko an gyara, sai ka sake ƙirƙiro wata. Da ka ce masa, "Ƙanena, kuɗin nan ba zai isa ba, amma je ka wurin wane, ko ka zo da safe lokacin da ba kowa," da ya tafi da mutuncinsa, kai ma da naka.

Matashin ya ce gaskiya yana tsoron faɗa wa yaron ɗan siyasar a'a, mutanen nan ba a rabuwa da su lafiya. Wannan tsoro na fahimce shi, ban kuma yi masa dariya ba. Na ce ya rubuta ƙa'ida ya manna a bango, cewa a nan ba a ɗaukar zagi ko ƙazafi ga kowa, daga kowace jam'iyya, don kada wani ya ɗauka shi kaɗai aka nufa. Ya ce zai gwada. Lambar ɗalibin kuma tana wayarsa, na ce ya kira shi kafin ya kwanta.

Wallahu a'alam.