Daga Toga Zuwa Alawayyo

Rumawan dā suna da wani mayafi da suke kira toga, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin tegere, wato rufewa. Ulu ne mai faɗi, tsawonsa kan kai mita 5 ko fiye, a ɗora shi a kafaɗar hagu, a zagayo da shi ta ƙarƙashin hannun dama. Bawa ba ya yafa shi, baƙo ma haka, sai ɗan ƙasa. Na mai muƙami yana da baki ruwan shunayya, mai neman kujera kuwa yakan goga wa nasa alli har ya yi fari fat.

Ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'yan majalisa suka far wa Julius Kaisar da wuƙaƙe. Masanin tarihi Suetonius ya ruwaito cewa da ya ga ba mafita, sai ya ja togarsa ya lulluɓe kansa. Bayi uku ne suka kwashi gawarsa zuwa gida.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya kuwa na Mus'ab ɗan Umair ne (RA). Kafin ya musulunta babu saurayin da ya kai shi ado a Makka. Da ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, mayafi ɗaya aka samu na yi masa sutura, gajere: in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a ƙafafun.

'Yan'uwa, mu shiga kasuwar Mafara ranar Talata. Ana ta cinikin shadda da atamfa, ga alawayyo can gefe, ba mai taya shi sai wanda aka aiko daga gidan rasuwa. A shekarun nan na 'yan bindiga, mutanen Morai da Bakura da Maradun sun yanki wannan farin yadi fiye da yadda zuciya za ta ɗauka, sau da yawa don matasan da suka fita gona da safe da niyyar dawowa azahar. Da hakimi da ɗan ƙwadagon fadamar Bakolori, yadin ɗaya ne, ɗaurin ma ɗaya.

Kafin a ɗaga makara, dangi kan yi shela ga sahu: duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, domin shi yanzu ba shi da bakin cewa a ƙara masa kwana biyu.