Adalci Wajen Cin Tara Da Dakatar Da 'Yan Ƙwallo

 

Wani zai yi mamakin ganin zancen ƙwallon ƙafa a wannan fili, domin kuwa wasa ake ce masa. To, amma ga wanda ya riƙe shi sana'a, abincinsa ne da na iyalinsa. Duk wanda aka ba ikon ya yanke wa mutum albashi ko ya hana shi aikinsa, alƙali ne ko bai sa rawani ba, kuma Suratun Nisa'i aya ta 58 ta wajabta adalci a kan duk mai hukunci tsakanin mutane, ba ta keɓe kotu ba.

A ran 9 ga watan Yuli 2006, a birnin Barlin na ƙasar Jamus, Faransa da Italiya suka kara a wasan ƙarshe na cin kofin duniya. Ana cikin ƙarin lokaci, a minti na 110, sai Zinedine Zidane, kyaftin ɗin Faransa, ya juya ya tunkuyi Marco Materazzi da ka a ƙirji har ya faɗi. Aka ba shi jan kati, Italiya kuwa ta ɗauki kofin. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ta kira su duka biyu ta ji ta bakin kowa, sa'an nan ta ci Zidane tarar faran 7,500 na ƙasar Suwizalan da dakatarwar wasa 3. Materazzi kuwa, saboda baƙar maganar da ya faɗa, aka ci shi faran 5,000 da wasa 2. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa 'yar'uwar Zidane ya ambata.

Mutanen Italiya da yawa sun ga an zalunci ɗansu, suna cewa ina aka taɓa hukunta wanda aka buga? A ma'aunin shari'a kuwa wannan ƙorafi ba shi da ƙarfi. Imamu Muslim ya ruwaito hadisi mai nuna cewa idan mutum biyu suka zagi juna, zunubin yana kan wanda ya fara, muddin wanda aka zalunta bai ƙetare haddi ba. Ashe ke nan mai tsokana yana da rabonsa, ko da shi ne ya sha ƙasa. Shi ma Zidane ba shi da mafaka, domin Suratun Nahli aya ta 126 ta iyakance ramuwa da gwargwadon abin da aka yi wa mutum, ta kuma fifita haƙuri. An ba shi magana, ya rama da duka. Cewa iyayensa Musulmi ne 'yan asalin Aljeriya ba ya rage masa kome, ko da yake da yawa cikin Musulmi zuciyarsu ta karkata gare shi a ranar. Da yake ya riga ya yi ritaya, dakatarwar ba ta da abin da za ta hana shi, sai aka mayar da ita aikin taimakon jama'a na kwana 3. Wannan dabara ce mai kyau, gama hukuncin da ba ya taɓa mai laifi suna ne kawai.

Inda ma'auni ya karkace sosai shi ne a gasar ƙasashen Turai ta 2012. Ɗan wasan Denmak, Nicklas Bendtner, ya ci ƙwallo ya ɗaga riga ya nuna sunan wani kamfanin caca a bakin ɗan kamfansa. Hukumar UEFA ta ci shi tarar yuro 100,000 da wasa 1. A cikin gasar nan kuma magoya bayan Kuroshiya suka ci mutuncin Mario Balotelli saboda launin fatarsa, aka ci hukumar ƙasarsu yuro 80,000. Ba shakka tallan caca abin ƙi ne, amma ba don haramcin caca aka hukunta shi ba, sai don ya keta dokar da ke tsare haƙƙin masu biyan kuɗin talla. Hukuncin da ya sa kuɗin talla sama da mutuncin ɗan Adam, wanda Suratul Isra'i aya ta 70 ta tabbatar da girmansa, lalle akwai gyara a cikinsa.

Ita kanta tara da dukiya malamai sun yi saɓani a kanta. Mafi yawansu ba su yarda a yi ta'aziri da karɓar kuɗi ba, don tsoron kada azzalumai su mai da shi hanyar cin dukiyar mutane. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya halatta, haka Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim. Ɗan ƙwallo dai ya sa hannu a yarjejeniya, kuma Musulmi ana kama shi da sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai halatta haram ba. Saboda haka tara tana iya hawa kansa idan an bayyana masa ita tun farko, an ji uzurinsa, an kuma bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara. Sai dai kuɗi ɗaya ba nauyi ɗaya ba ne. Abin da tauraro ke samu kafin azahar, shi ne abincin wata guda na ƙaramin ɗan wasa. Shi ya sa tsarin Ingila na auna tarar kulob da albashi, wadda bisa al'ada ba ta wuce na mako 2, ya fi kusa da daidai.

Masu tarihi sun kawo labarin wani Bamisre da ya tsere wa ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, a wajen tsere, ɗan gwamnan ya yi masa bulala yana taƙama da asalinsa. Mutumin ya kai kuka Madina, Sayyidina Umar (R.A.) ya sa aka zo da uban da ɗan, ya miƙa wa Bamisren bulala ya rama. Sunan gida bai ceci kowa ba a ranar, haka nan bai kamata sunan kulob ko yawan magoya baya ya sa a sassauta wa wani a tsananta wa wani ba.

Akwai kuma abin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya fahimci ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya juya hukuncin a kansa, ya sa shi biyan dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Malik ya bayyana cewa ba a aiki da ninkawar a Madina, amma dai a kan mai horo da yunwa biyan ya faɗa. Shugaban kulob ɗin da ya riƙe albashin 'yan wasa wata da watanni, sa'an nan ya ci su tara don sun ƙi fitowa atisaye, shi ne farkon wanda za a kira ya zo ya yi bayani.