Kifin Falonki: Ƙaddara Ce ko Sakaci?

'Yar'uwa, kin wayi gari kifayen adonki sun taso ciki sama, kika ce kwanansu ne ya ƙare. Gaskiya ne. To amma Bukhari ya ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, kifi kuwa a kulle yake, ko kuka ba ya iyawa.

Ruwan famfo kika zuba kai tsaye? Kulorin da ke ciki yana kashe shi, ki bar ruwan ya kwana a bokiti. Yara ke watsa masa abinci? Ragowar ce ke ruɓewa ta zama guba. A zafin Afrilu nan Kakau, da an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, sai numfashi ya gagara. Ki riƙa canza rubu'in ruwan duk mako, kada ki zubar duka.